Sikelin Zarnigar

A Barzin, in ka hango mace tana sauri a kan hanya da jakar fata a kafaɗa, ƙugiyar sikeli tana leƙowa ta bakin jakar, ba sai ka tambaya ba, Zarnigar ce. Shekara goma sha huɗu ke nan tana aikin lafiya a kwarinmu. Ita ke yi wa yara rigakafi, ita ke duba masu ciki, in kuma ƙanƙara ta rufe hanyar asibiti, abin da takan yi wata huɗu cur a kowace shekara, to ita ce likita, ita ce ungozoma. Rabin yaran da ke tsere a kan rufin gidajenmu yau a hannunta suka fara kuka. Gajeriya ce, ba ta da jiki, amma har tsofaffin maza kan ɓoye tabarsu in sun ji takunta.

Hannun Zarnigar akwai taushi, wannan kowa ya shaida. Bakinta ne ba shi da shi. Ba ƙarya take yi ba, ba kuma mugunta ba ce. Gaskiya take faɗa, sai dai takan faɗe ta tsirara, ba ta duba wa ke zaune a wurin. Mun daɗe muna haƙuri da ita, don muna sonta, kuma don ranar da ɗanka ya kwanta ita za ka nema. Yanzu kam ta yi sauƙi. Abin da ya sauƙaƙa ta ya faru ne shekara tara da suka wuce, a sanyin da har yau muke kira na babbar ƙanƙara.

A lokacin mijinta Amir Wali yana Peshawar yana gadin wani kanti, kamar yawancin mazanmu da kan sauka neman aiki da an gama girbi, ba a sake ganinsu sai ƙanƙara ta narke. Gidan daga ita sai surukarta Inna Shahbanu, tsohuwa mai ciwon gwiwa, sai jaririyarta Nilofar mai wata uku. Nilofar ta zo ne bayan shekara shida da aure da ɓari biyu, saboda haka ba sai an gaya maka yadda ake ji da ita ba. Hutun jego kuwa Zarnigar a takarda kawai ta gan shi. Ranar da ta yi arba'in aka buga mata ƙofa, ɗan wani ya ƙone da ruwan zafi, shi ke nan ta koma aiki. In cikin gari ne takan ɗaure Nilofar a ƙirji, ta lulluɓe ta da mayafin ulu, ta shiga gida-gida. Ta sha gwada zafin jikin mara lafiya da hannu ɗaya, ɗayan yana tallafe da kan yarinya tana shan nono.

"Wannan 'yar," in ji Inna Shahbanu, "kafin ta yi haƙori za ta iya awon ciki."

Doka ɗaya Zarnigar ta kafa wa matan kwarin, kuma a kanta ta ɓata da kusan kowace tsohuwa: jariri nono zalla zai sha har wata shida. Mu kuwa mun tashi mun tarar ana lasa wa jariri man shanu da yatsa, ana ɗura masa shayin gishiri da cokali wai don ya ji ɗumi. Zarnigar ta ce shi ke sa su zawo. Duk farkon wata takan rataye sikelinta a jikin azarar ɗakinta, mata su taru da 'ya'yansu, a sa yaro a cikin ɗan wandon zane a rataye shi, ta karanta nauyinsa da ƙarfi ta rubuta a kati. In yaro ya ƙaru, uwarsa ta fita tana taƙama. In bai ƙaru ba, Allah ya ba ta sa'a.

Maƙwabciyarta Bulbul ce ta fi kowa jin jiki a wannan sikeli. Katangarsu ɗaya, rufin gidajensu a haɗe yake, kuma a wata ɗaya aka kawo su Barzin suna amare. Bulbul doguwa ce, mai dariya da dukan jikinta, mai murya irin wadda in ta kira akuyarta a bakin kogi har ta maƙwabta sai ta amsa. Rariyarsu ɗaya, gasa gurasarsu tare, sirrinsu ɗaya. Ɗanta Zafar ya girmi Nilofar da sati biyu. Ranar awon da Zafar ya cika wata biyu, ɗaki ya cika maƙil, har da ƙannen mijin Bulbul su biyu, waɗanda dama neman abin faɗa suke yi. Zarnigar ta rataye yaro, ta dubi allurar sikeli, ta dubi kati, ta sha kunu.

"Bulbul, me kike ba yaron nan?"

"Nono mana, me zan ba shi?"

"Nono da me? Ki dube ni. Shayi kike ɗura masa, ga warinsa nan a wuyan rigarsa. Kazar Inna ta fi ɗan nan nauyi. Duk girman jikin nan naki, a ce ba ki iya ƙosar da jariri ɗaya ba?"

Wata ta ƙyalƙyale da dariya, ta toshe baki. Bulbul ta miƙe. Ta zare ɗanta daga wandon sikeli, ta bar katinsa a ƙasa, ta fita. Da yamma aka ga rariya ta faɗo tsakar gidan Zarnigar ta kan katanga, ba sallama. Daga ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba.

Abin ya dami Zarnigar, amma ba ta yarda ta nuna ba. "Gaskiya na faɗa," shi ne abin da take ta maimaitawa, ko ba a tambaye ta ba. Inna Shahbanu kuwa daɗi ta ji, don dama ba ta taɓa ƙaunar Bulbul ba. Ta ce ko ba komai kunnenta ya huta.

Ana cikin sati na bakwai da wannan gaba ƙanƙara ta sauko. Kwana huɗu tana zuba ba ƙaƙƙautawa, har ta kai tagogi. Wutar lantarki ta tafi, waya ta mutu. A rana ta biyar gari ya waye tas, sanyi kuma ya sauka irin wanda ke sa gashin hanci ya daskare. Zarnigar tana shayar da Nilofar a bakin murhu sai ga bugun ƙofa. Baba Purdum ne daga Yorgaz, ƙauyen da ke can sama, tafiyar awa biyu in hanya na da kyau. Gemunsa ya yi fari fat da ƙanƙara, yana haki.

"'Yata, matar ɗana ce, Parigul. Tun jiya da safe take naƙuda, abu ya ƙi. Tsofaffi sun yi iya yinsu. Mijin yana Karachi. In ba ke ba, sai Allah."

Zarnigar ta dubi yarinyar da ke ƙirjinta. Ba a fita da jariri a wannan sanyi ya hau dutse, ita da kanta ta sha hana wasu. Ta san kuma Parigul, haihuwar fari ce, ga ƙarancin jini, ita ce ma ta yi ta faɗa a sauka da ita asibiti tun kafin hanya ta rufe, ba a ji ba. Ta ƙyale Nilofar ta ƙoshi, ta tatsi abin da ya rage a kofi, ta kwantar da ita a gadonta na lilo.

"Inna, kafin la'asar ina gida. Ga nono nan, ki ɗora kofin a ruwan ɗumi ki ba ta da cokali. Ban da shayi."

"Na ji."

"Ban da man shanu."

"Ke, ni na raini mijinki, ga shi can ƙato yana gadi, bai mutu ba. Kama hanya."

Zarnigar ta tsaya a bakin ƙofa tana ɗaura takalmi, ta ɗan dubi katangar Bulbul. Tsohuwa ta gani.

"Kul! Kar ma ki fara. Yaro halin wadda ta shayar da shi yake ɗauka. Ba zan zauna da jika mai ihu kamar ana yanka ta ba."

"Ni na ce wani abu? Kafin la'asar na ce."

A wurinmu ba a shayar da ɗan wani da wasa. Wadda ta ba ɗanka nono ta zama uwarsa har abada, 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa, ba biki ba makoki da za a yi a gidanka ba ta zauna a gaba ba, kuma ba a gaba da ita. A duk unguwar mace ɗaya ce ke shayarwa a lokacin ban da Zarnigar, ita ce Bulbul. Zarnigar ta san haka sarai, ta rataya jakarta ta bi bayan tsoho.

Suka ƙetare gada, suka kama hanyar da ta bi gindin dutse, wurin da muke kira Wuyan Akuya saboda ƙuncinsa. Baba Purdum na gaba yana fasa ƙanƙara da ƙafa, ita tana taka sawunsa. Da suka hau Dutsen Kira, wanda ke fuskantar Barzin ta ƙetaren kogi, ta waiwaya ta ga hayaƙin gidanta yana tashi. Daga nan ba ta sake waiwaye ba sai Yorgaz.

Ta tarar da Parigul ta galabaita, leɓunanta sun bushe, mata bakwai sun cika ɗaki kowa da shawararta. Ta kori biyar. Ta wanke hannu, ta duba, ta tayar da ita daga kwanciyar da aka danne ta a kai, ta sa ta durƙusa, tana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Abin mamaki da Zarnigar ke nan: a gaban mai naƙuda bakinta zuma ne. Bayan azahar yaro ya faɗo, ɗan ƙarami, ya yi shiru kamar ba zai yi kuka ba. Ta goge shi da tawul da ƙarfi har ya tsala ihu. Ba a gama murna ba jini ya ɓalle wa uwar. Zarnigar ta ba ta ƙwayoyin tsayar da jini, ta dafa mararta tana murzawa, gumi na zuba mata a cikin wannan sanyi, har Allah ya sa ya tsaya.

Tana wanke hannu, tana lissafin cewa in ta tashi yanzu za ta isa gida kafin magariba, sai suka ji ƙara daga ƙasan kwari. Ba mai kama da tsawa ba ce, ta fi ta tsawo, har kwanuka suka yi motsi a kan kanta. Duk wanda aka haifa a nan ya san wannan ƙara. Baba Purdum ya fita, ya daɗe, ya dawo yana kakkaɓe hula.

"Wuyan Akuya ne. Dutsen ya sauke kayansa gaba ɗaya. Har bakin gada ya rufe."

"Kwana nawa?"

"In maza sun fito ta ɓangare biyu, uku ko huɗu. In sama ta bari."

Sama ba ta bari ba, don kafin ya rufe baki ƙanƙara ta sake saukowa. Zarnigar ta zauna a bakin murhu. Kofi ɗaya ta bari. Kofi ɗaya, wa yarinyar da ke sha sau takwas a yini, wadda ba ta san komai ba sai nonon uwarta. Ta ga Inna Shahbanu a ranta, da gwiwar da ba ta kai ta ko bakin ƙofa in ƙanƙara ta taru, tana hura cokalin shayi. Ta san abin da zawo ke yi wa ɗan wata uku a cikin kwana biyu, ta gani da idonta a gidajen mutane. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, ta kuma ji haushin kanta, don da bakinta ta kori maƙwabciyar da za ta taimake ta.

Da magariba ta kawo jiki, jaririn Parigul ya fara kuka. An sa shi a ƙirjin uwar ya ɗan tsotsa, amma Parigul ko ɗaga kai ba ta iya yi, ido na rufe mata. Matar Baba Purdum ta jawo ƙoƙon man shanu ta tsoma yatsa. Zarnigar ta buɗe baki za ta yi irin faɗan da ta saba, sai ta ji gaban rigarta ya jiƙe sharkaf. Tun azahar ƙirjinta ke mata zogi, ya yi tauri kamar dutse. Tsohuwar ta dubi rigar, ta dubi jariri, ta janye yatsanta.

"'Yata, ba na roƙonki. Kin san abin da yake nufi. Mu talakawa ne, dangi ne masu nauyi."

"Miƙo shi, Goggo."

Yaron ya kama da ƙyar, sannan ya kama da gaske. Zarnigar ta ji sauƙi ya ratsa ta har tafin ƙafa, hawaye kuma suka zubo mata, don ba wannan bakin ta so ba. Tana shafa ɗan kansa tana tunanin wa ke riƙe da tata 'yar. Daren nan ba ta runtsa ba.

Da hantsi sama ta buɗe. Ta duba Parigul, ta ga jini bai dawo ba, ta ce wa Baba Purdum ya kai ta Dutsen Kira. Ya ce ba a ƙetarewa. Ta ce ta sani, muryarsa take so. Baba Purdum shi ne mai kiran Yorgaz tun yana saurayi. In an yi mutuwa ko an ga wata, shi ke hawa dutsen ya sanar da Barzin.

Suka yi fiye da awa biyu suna nutsewa har cinya kafin su isa. Daga kan dutsen ta ga ɓarnar: inda hanya take jiya, yau tudun ƙanƙara ne da duwatsu da karyayyun itatuwa, ya gangara har cikin kogi. Ga Barzin nan a gabanta, kusa har tana iya ƙirga tagogi. Kuma kamar yadda aka saba duk bayan zubar ƙanƙara, gari kaf yana kan rufi da shebur ana sharewa kada azara ta karye. Mata, tsofaffi, 'yan mazan da suka rage, har liman. Rufin gidanta ne kaɗai ba kowa, amma an share shi tas. Wannan ya ba ta mamaki, sai dai hankalinta ba a nan yake ba.

"Me zan ce?" in ji Baba Purdum.

Duk abin da aka faɗa a Dutsen Kira, ba kunnen da ba ya shiga. Duk da haka Zarnigar ta ce:

"Ka ce Zarnigar tana lafiya. Ka ce a kai Nilofar wurin Bulbul."

Tsoho ya haɗa tafukansa a baki ya kwarara kira. Shebur suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Aka ga wata doguwar mace ta miƙe a kan rufi ta riƙe ƙugu. Muryarta ta ƙetaro kogi ba ta buƙatar ɗan aike.

"Wa ya ce a kawo?"

"Zarnigar!"

"Umarni ne ko roƙo?"

Baba Purdum ya juyo ya dube ta, yana danne dariya a cikin gemu. Fuskar Zarnigar ta yi zafi duk da sanyin.

"Ka ce roƙo ne."

"Ta ce roƙo ne!"

"Ban ji ba! Iska ta yi yawa!"

Ko ganye ba ya motsi a ranar. Aka fara jin dariya daga rufi zuwa rufi. Zarnigar ta ture tsohon gefe, ta matsa bakin dutse, ta buɗe ɗan maƙogwaronta iya ƙarfinta.

"Bulbul! Don Allah! Na yi miki laifi a gaban mutane, ga shi ina ba ki haƙuri a gaban mutane! Ki ba 'yata nono!"

Dariya ta ɗauke. Sai Bulbul ta sunkuya, ta ɗago wani abu ja tana kaɗawa sama. Bargon Nilofar ne, wanda ta shanya a kan rufi.

"Ke wawiya! Tun jiya da magariba! Sau shida ta sha! Tana barci, cikinta kamar tulu! Koma ki kula da 'yar mutane!"

Zarnigar ta zauna daɓas a cikin ƙanƙara ta fashe da kuka, kuka mai sauti, ba kunya. Baba Purdum ya juya baya yana gyara hula, ya ba ta lokaci. Da ta natsu ya ce, "Wannan mata da a Yorgaz take, da tuni na ajiye aiki."

Sai da ta ƙara kwana uku a can. Ta yi su tana shayar da jariri, tana ɗora shi a ƙirjin uwarsa kowane lokaci har nonon Parigul ya kawo, tana ɗura wa mai jego romo. Ta kuma yi amfani da zaman ta duba duk wani mai tari a Yorgaz, tunda Zarnigar ba ta iya zama haka kawai. A rana ta biyar maza suka gama sare matakala a jikin tudun, aka ɗaura mata igiya a ƙugu aka ƙetare da ita.

Ba ta tarar da kowa a ɗakinta ba, murhu ma a mace. Ta bi hayaniya zuwa gidan Bulbul. Ga mata cike da ɗaki, ga Inna Shahbanu a wuri mafi ɗumi an jingina ta da matasai, tana shan shayi kamar gidan ubanta. Gadajen lilo biyu a jere. Zarnigar ko takalmi ba ta cire ba ta ɗauki Nilofar ta rungume, tana shinshina wuyanta. Yarinyar ta ƙura mata ido, ta ɗan ɓata fuska, da Bulbul ta yi magana kuma sai ta juya kai wajen muryar. Wannan ya soki Zarnigar a zuciya, ba ta ɓoye ba daga baya. Amma da ta zauna ta buɗe riga, Nilofar ta kama kamar ba a taɓa rabuwa ba.

Inna Shahbanu ce ta ba da labari, ba tare da an tambaye ta ba. Kofi ya ƙare tun azahar. Da la'asar yarinya ta fara kuka, har muryarta ta dushe. Ƙofa ta ƙi buɗuwa saboda ƙanƙara. Ta haɗa shayi, ta ɗebo a cokali, ta kai bakin yarinya.

"Sai na ji hannuna ya ƙi. Na ce in wani abu ya same ta, da wane ido zan dube ki? Ina zaune ina kuka, ita tana kuka, sai ƙanƙara ta zubo mana ta kafar hayaƙi. Na ɗaga kai, sai ga fuskar wannan a sama, ta toshe hasken gaba ɗaya. Wai, 'Inna, ko ki bari in shigo, ko in faɗo miki a ka.'"

"Da shebur na haƙo ƙofar," in ji Bulbul. "Tana ta ce mini hali, hali. Na ce Inna, ki bari ta rayu tukuna, sai mu ga halin."

"Ai kuwa za mu gani," in ji tsohuwa, ta kurɓi shayinta.

Zarnigar ta fara godiya, Bulbul ta ɗaga mata hannu.

"Ajiye godiyarki. Ina sikelin?"

"Yana jaka."

"Rataya shi. Ga azara nan."

Zarnigar ta miƙe ta rataye sikeli a azarar Bulbul. Aka sa Nilofar a wando. Allura ta yi rawa ta tsaya.

"Ta ƙaru," in ji Zarnigar a hankali.

"Da ƙarfi. Yadda kika faɗi wancan."

"Ta ƙaru! Kwana biyar a hannun Bulbul, ta ƙaru!"

"Yawwa. Saura ɗaya."

Bulbul ta ɗauko Zafar ta tuɓe masa bargo. Sati bakwai Zarnigar ba ta sa shi a ido ba. Yaron da ta kwatanta da kaza ya yi kumatu, cinyoyinsa har sun yi ninki, da ƙyar suka shiga wandon. Ta dubi allura sau biyu. Ta laluba jakarta ta ciro katinsa, wanda ta tsince a ƙasa tun ranar ta adana, ta ɗiga alama a can sama inda ake so. Wannan karon ba sai da aka ce ta ɗaga murya ba.

"Tun ranar na daina ba shi shayin," in ji Bulbul, muryarta ta yi ƙasa yadda ba a saba ji ba. "Gaskiyarki ce, na sani tun a lokacin. Uwar mijina ce ke sa ni, kuma kin san haka. Da kin ja ni gefe kin faɗa mini, ni da ke, da hannu biyu zan karɓa."

Zarnigar ba ta ce gaskiya ta faɗa ba. Ta kama hannun Bulbul ta sumbace shi ta ɗora a goshinta, yadda ake yi wa uwa. Bulbul ta fizge hannun ta ce ta daina, za ta sa ta kuka a gaban dangin miji, alhali hawayen sun riga sun kai haɓa.

Tun daga wannan sanyi aka canja yadda ake awo a Barzin. Sikelin yana nan a azararsa, amma an sa labule, uwa ɗaya ke shiga, kuma a kunne ake gaya mata nauyin ɗanta. In akwai faɗa, a bayan labule ake yinsa, don kar ka ɗauka bakin Zarnigar ya mutu. An kuma fasa katangar da ke tsakanin gidajen biyu aka sa ƙofa, saboda haka duk ranar da aka kira Zarnigar ƙauyukan sama ba ta sake tsayawa lissafin la'asar. Daga Yorgaz, duk kaka sai Baba Purdum ya sauko da buhun busassun 'ya'yan itace, ɗan Parigul na biye da shi ya zo gaida uwarsa ta nono.

Inna Shahbanu ta rayu har ta ga abin da ta yi hasashe. Nilofar ta tashi da murya irin wadda ba a taɓa ji a zuriyarsu ba, tsohuwa kuma ta rasu tana cewa ai ta faɗa. Yanzu Nilofar shekararta tara. Jiya da yamma ta hau rufi ta ƙwala kira, "Inna! Akuya ta shiga rumbu!"

Mata biyu suka fito a guje, kowacce daga ƙofarta.